Dutsen Kagoro a Tsakar Gidan Hure

Malam Lirwanu ya tuƙa jirgin ƙasa tsakanin Kafanchan da Jos tun gashinsa na baƙi, da ya ajiye aiki ya dawo gida Gummi kuwa, bai bar kunnen kowa ya huta ba. Matarsa Hure, maginiyar tukwane, ba ta taɓa ganin jirgi da idonta ba, amma ta hau dutsen Kagoro a bakin mijinta har ta gaji. Kuma dutsen nan kullum ƙara tsawo yake. Bana ya taɓo gajimare, baɗi ya wuce shi. Gadar da ke hanya kuwa, in ka leƙa ƙasa, wai shanu kamar kiyashi.

Sai yanar ido ta rufe masa gani. Tun yana lalube ya fita masallaci har ya daina, ya koma kan tabarma ya juya wa duniya baya. Labari ya ɗauke ɗif. Hure da ta yi shekaru tana roƙon Allah ya sa mutumin nan ya yi shiru, sai ga ta tana kuka a madafa saboda ya yi. Tsoro take ji ƙwarai, don ta san tsoho in ya daina magana, abinci ne zai bi baya.

Ran nan ta dawo daga bakin gulbi da yumɓu, maimakon tukunya sai ta kama ginin dutse a tsakar gida. Ta tsaga karan dawa ta shimfiɗa layin dogo, ta jera tsinke a ƙarƙashi. Gwangwanayen kifi suka zama taragai, marafan kwalba suka zama ƙafafu. Maƙwabciyarta Balaraba ta leƙo ta katanga ta tambaya ko rumbu ake yi wa kaji, Hure ta ce ta je ta ji da tuwonta.

Ba ta da hoto, ba ta da wanda za ta tambaya. Abin da Malam ya faɗa shi ta gina, ba ragi. Dutse ya miƙe tsaye kamar bango har ya kai mata ƙirji, gada ta yi sama a kan dogayen kara tana rawa. Da ta ɗora jirgin don gwaji, sai ya sulalo da baya ya kife a gindin turmi.

Duk da haka ta je ta kamo hannun Malam. Ya ƙi, ta ja, ya taso yana ƙunƙuni. Ta ɗora yatsunsa a kan kara, ta ce ga Kafanchan nan, ya kama hanya. Yatsun suka bi layi a hankali, suka sha kwana, suka fara hawa, sai suka tsaya cak.

"Ke Hure, mi ne na wanga?"

"Dutcin Kagoro na, Malam."

"Wane jirgi ka hawan wanga? Ko ƙadangare sai ya yi shawara. Wa yac ce miki haka shike?"

"Kai kac ce."

Gemun Malam ya fara motsi. Can sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda gidan ya manta da ita, har da tari. Ya ce to, ai mai ba da labari yakan ɗan ƙara gishiri. Ta ce wannan ba ɗan gishiri ba ne, buhu ne.

Ya naɗe hannun riga ya durƙusa, ya ce ta kawo ruwa. Da hannunsa ya rushe rabin dutsen, ya kwantar da hawan, ya zagaya da layi ta gefe, yana bayanin yadda jirgi ke lallaɓa tudu, ba ya tunkararsa gaba da gaba. Ya nuna mata inda yakan rage gudu, da inda mata ke miƙo ayaba ta taga. Wannan karon bai ƙara komai ba, kuma Hure ta ga gaskiyar ta fi daɗin ji.

Ya tura gwangwanin da yatsa, ya hau har ƙoli bai zame ba. Sai ya juyo wajen da yake jin numfashinta.

"Akwai sauran tuwo? Yunwa nike ji, kuma ba mu kai Jos ba tukuna."

Hure ta ce akwai. Ta tashi da sauri ta nufi madafa, tana share ido da bayan hannu don tafin duk yumɓu ne.