Kumfar Da Ta Ƙi Tasowa

"Mataki na bakwai," in ji Henning, mai tantance tsarin gwaje-gwaje, ya ɗora yatsa a kan takardar gwajin. "Dakta, ke kika rubuta wannan da hannunki?"

Wiebke ta dubi agogo. Ƙarfe sha biyu za a rufe jadawali, wanda bai miƙa nasa ba sai tafiya ta gaba. Shekara tara tana binciken yadda ƙashi ke zaizayewa, da ƙyar ta samu minti ashirin na ɗan sama jannati da zai yi mata gwaji a tashar sararin samaniya. A wannan ofishi na birnin Köln a Jamus, minti ɗaya ma sai an yi rigima a kansa.

Henning ya karanta: "A jira kumfar iska ta taso sama, sannan a zuƙe ruwan." Ya cire tabarau. "Wane saman?"

Shi dai wata shida ya taɓa yi a tashar, har yau bayansa bai yafe masa ba. Ya kunna mata wani tsohon bidiyonsa. Ga sirinji yana shawagi, ga kumfa zaune daram a tsakiyar ruwa, ko gezau. Ta tagar da ke bayansa, duniya ce ke wucewa a hankali, shuɗiya, ba abin da ya riƙe ta.

Wiebke ta ƙura wa kumfar ido. Sau ba adadi ta koyar da cewa a can babu sama babu ƙasa, amma ashe hannunta bai taɓa yarda ba.

"To yaya ake yi?"

"Miƙe hannu za ka yi da sirinjin, ka yi ta juyawa har ruwan ya taru a baki. Minti uku. Kuma kada ki roƙa, ba za su ƙara miki ba."

Ta bi takardar layi-layi. Babu abin cirewa, sai na ƙarshe: minti uku da ake ba mai bincike ya gaisa da ɗan sama jannatin kai tsaye. Tun tana 'yar makaranta take son ta ji muryarta ta isa can. Har ta rubuta abin da za ta faɗa.

"Da ma surutu gare ki," in ji Henning, amma a hankali ya faɗa.

Ta ɗauki biro ta ja layi a kan sunanta, ta tura masa takardar.

"Sa hannu, sauran minti takwas."