Rigar Sanyin Nuriyya

Hureira tana tsakiyar layin saƙa Salamatu ta sake ƙwalla ƙara. Ta soke ƙarafan saƙar a cikin curin ulu, ta tura su aljihun farar rigarta, ta wanke hannu ta nufi gadon.

"Haba Salamatu, yanzun nan fa na duba ki. Ɗan nan bai shirya ba."

"Wallahi ya shirya, Madam. Mutuwa zan yi."

"Ba dai yau ba, kuma ba a hannuna ba. Ina da abin yi."

Ta duba ta duk da haka. Haihuwar fari ce, kuma hanya ba ta ko kama buɗewa yadda ake so ba. Ta ce wa gwaggon yarinyar, wata doguwar tsohuwa mai yawan tsaki da ta rako ta tun da safe, ta kama ta su riƙa kai da kawowa a baranda. Ita kuwa ta koma kan bencinta na bakin taga ta zaro saƙar.

Ita kaɗai ce ungozomar da ta rage a ɗan asibitin haihuwar da ke bayan kasuwar Kilomita Biyar a birnin Bangi. Tun da sojoji suka sake yin bore gari ya rabu biyu, likita ya maƙale a can gefen da ba a ƙetarowa, abokiyar aikinta Odile ma haka. Jarirai kuwa babu ruwansu da dokar hana fita. Gidan Hureira bai fi a taka da ƙafa ba, amma ta manta rabon da ta ci abinci a zaune a cikinsa.

Rigar sanyi ce shuɗiya take saƙa wa 'yarta Nuriyya. In za a faɗi gaskiya, rigar nan ta ga haihuwa fiye da wasu ɗaliban ungozoma. Tun azumin bara waccan aka ɗora ta, ana layi uku a ajiye, a karɓi haihuwa, a dawo a tarar an manta inda aka tsaya. Mutane har dariya suke mata, wai wa zai sa ulu a zafin Bangi? Ba ta kula su. A wurin wata tsohuwar sista ta koya a makarantar ungozoma, kuma duk duniya saƙa ce kaɗai abin da in ta ajiye yake jiran ta, ba ya kuka, ba ya zubar da jini. Da ƙarafan suka fara ƙas-ƙas sai ta ji numfashinta ya daidaita.

Yanzu kuwa rigar ta sami dalili. An yanke shawara Nuriyya za ta bi kakarta, Inna Mero, zuwa Ngaundere wurin kawunta har gari ya lafa, kuma kowa ya san sanyin can ba ya wasa da baƙo. Hannun riga ɗaya ya rage. Hureira ta shimfiɗa shi a cinya ta auna da tafinta: taƙi ɗaya da ɗan wani abu. Taƙi biyu da yatsu uku ake nema daga kafaɗa zuwa wuyan hannu. Da kanta ta auna a jikin yarinyar ranar da ta fara, ta riƙe a ka, ba ta taɓa mantawa ba. Tafiya sai gobe, akwai lokaci.

Sai ga inuwar mutum a taga. Mijinta ne, Alhasan, da makullan shago a hannu yana kaɗa su kamar yadda yake yi in hankalinsa ya tashi.

"Ɗantsoho direba ya ce ba zai kai gobe ba. Ana idar da azahar zai ɗaga."

"Yau? Wace irin magana ce wannan, Baban Nuriyya?"

"An ce gobe za su rufe hanyar arewa gaba ɗaya. Motarsa ce ta ƙarshe. Inna ta riga ta ɗaure kaya." Ya leƙa ciki ya ga Salamatu rataye a kafaɗar gwaggonta. "Za ki iya fitowa?"

"Ka ga dai."

"Yarinyar nan tun safe take tambaya ko za ki zo."

"Me ka ce mata?"

"Me zan ce? Na ce kina wurin aiki. Ta ce ta sani."

Wannan "ta sani" ya fi zagi ciwo. Hureira ta ce masa ya je ya roƙi Ɗantsoho ya ja ƙafa, ko da ƙaryar tayar da ta sace ce, tana zuwa. Alhasan ya tafi ba tare da ya yi alkawari ba.

Daga nan zama ya gagare ta. Ta yi layi biyu ta tashi ta saurari bugun zuciyar jariri, ta dawo ta yi layi ɗaya ta leƙa rana. Can wajen kogi wata babbar bindiga ta yi gum, kwalaben magani suka amsa a kan kanta, idon saƙa uku suka zame daga ƙarfe. Ta tsince su tana tsine wa duk wanda ya ƙera bindiga da wanda ya saya. A titi masu tura baro sun ruga da gudu, can kuma suka dawo suna dariya, don mutanen Kilomita Biyar sun riga sun koyi bambanta harbin da ke zuwa da wanda ke wucewa.

Gwaggon ta tsaya a kanta ta yi tsaki.

"Ni ban taɓa ganin ungozoma irinki ba. 'Yar mutane na naƙuda, ke kina wasa da zare."

"Gwaggo, in na ajiye zaren nan zai fito da sauri ne?"

"A zamaninmu dai ungozoma hannunta na kan ciki."

"To ga cikin nan, ga hannunki. Bismilla."

Tsohuwar ta kau da kai. Hureira ta ji kunyar abin da ta faɗa, amma ba ta da sararin ba da haƙuri. Sai da aka jima ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, 'yarta ce za ta bar gari yau, kuma wannan ne abin da za ta ba ta. Sai gwaggo ta tsugunna ta ɗauki curin ulun da ya gangara ƙarƙashin benci ta riƙe mata, tana saki kaɗan-kaɗan, fuskarta a murtuke.

Ladanin masallacin Kuduku ya kira azahar daidai lokacin da faya ta fashe. Hureira ta jefar da saƙar a kan benci. Daga nan ba ta ƙara tuna riga ba, ba ta tuna mota ba, don aikin nan in ya zo ba ya barin wuri ga wani abu.

"Yunƙura! Kar ki yi ihu, ihun nan ki mai da shi ƙasa. Yauwa. Sake!"

Salamatu ta kira uwarta, ta kira Annabi, ta zagi mijinta da yaren Sango tas, har gwaggo ta toshe kunne. Sannan yaro ya faɗo, namiji, da muryarsa tun kafin a taɓa shi. Mabiyiya ta biyo lafiya. Sai dai jini ya ɗan fi yadda Hureira take so, kuma ta san a irin wannan lokacin ne ake rasa mace, bayan kowa ya gama hamdala. Ta yi mata allura, ta murza mahaifar har ta yi tauri, ta ja benci kusa da gado ta zauna gadi. A nan, ido ɗaya kan zanen da ke ƙarƙashin Salamatu, ta rufe bakin hannun rigar, ta auna, taƙi biyu da yatsu uku cif, ta ɗinke shi a kafaɗa da babbar allura. Ɗinkin ya karkace, ta bar shi haka.

Jinin ya tsaya. Ta kamo hannun gwaggo ta ɗora a ƙasan cibiyar Salamatu.

"Kin ji wannan tauri? In ya yi laushi ki murza da ƙarfi, ko ta yi kuka. In kin ga zanen nan ya jiƙe, ki fita titi ki yi ta kiran sunana. Ba zan daɗe ba."

"Je ki mana, kin tsaya kina mini karatu."

Ta fita da farar rigarta, da gudu-gudu, ta ratsa layin masu atamfa da duk suka ja ƙofofinsu rabi. Motar tana nan a bakin titin Kuduku, injin na ruri, an lafta mata katifu da tukwane da mata da 'ya'ya. Ɗantsoho na tsaye a kan matakala yana faɗa da Alhasan. Da ya hango ta ya ɗaga hannu sama.

"Hajiya, don Allah! Sojan shingen hanya ba ƙanin ubana ba ne!"

Inna Mero tana zaune a kan buhu a can sama, carbi a hannu. Nuriyya ce ta diro. Hureira ta zaro rigar daga aljihu ta girgiza ta, zuciyarta fal da wani irin alfahari na yarinta.

"Ga ta, na gama. Sa mu gani."

Nuriyya ta cire ɗankwali ta zura kai. Kan ya maƙale a wuya. Suka ja, Hureira ta gaba, Alhasan ta baya, har ya fito da ƙyar. Hannu ɗaya ya shiga, ɗaya ya shiga. Rigar ta ɗame ta a ƙirji ta tsaya sama da cibiya, hannuwan kuma suka ƙare ɗan ƙasa da gwiwar hannu, suka bar sauran dogayen hannuwanta a waje. Wata mata a cikin motar ta kwashe da dariya, wata ta zungure ta.

"A yeke kete, Mama," Nuriyya ta ce a hankali, don Sango ya fi zuwa mata kusa in abu ya dame ta. Ta yi kaɗan.

"Ba zai yiwu ba. Na auna."

"Yaushe?" Inna Mero ta jefo daga sama. "Yaushe kika auna, Hureira? Yarinyar da tun ƙaramar salla take ɗaura zannuwanki? Ke dai kina fita tana barci, kina dawowa tana barci."

Hureira ta dubi 'yarta. Ba ta sunkuya ba, sai yanzu ta lura ba ta buƙatar sunkuyawa, idon yarinyar yana daidai haɓarta. Ta ɗora babban yatsa a kafaɗar Nuriyya ta fara takawa da tafi, ɗaya, biyu, har ta kusa cika na uku kafin ta isa wuyan hannu. Ita da take kallon cikin mace ta faɗi watansa ba ta kuskure. Kunya ta rufe ta, da wani baƙin ciki da bai da wanda za a ɗora wa.

"Cire ta," ta ce da sauri. "Ulun nan zan warware in sake, in ƙara wani. Ɗantsoho in ya dawo sai ya kai miki. Sati biyu ma ya ishe ni, wallahi, in dai..."

Ba ta ƙarasa ba. Ita kanta ta ji yadda maganar ta fito.

Nuriyya ta rungume hannuwanta a ƙirji, ta ja da baya taku ɗaya.

"A'a. In na ba ki, za ki tafi da ita asibiti."

Ɗantsoho ya danna oda. Alhasan ya ɗaga yarinyar, matan suka janye ta sama. Hureira ta bi gefen motar tana faɗin abubuwan da ba su ne take son faɗi ba, a riƙa shan ruwan da aka tafasa, a gai da kawu, a kula da ƙafar Inna. Motar ta hau kwalta ta miƙa. Nuriyya tana tsaye a kan katifu cikin shuɗin ulu, a tsakiyar wannan rana, gumi na bin wuyanta, tana ɗaga hannu har kwana ta ɓoye ta.

Alhasan ya ce ta zo gida ta ci wani abu. Ta girgiza kai, ta ce ta bar mace a hannun tsohuwa. Ta juya ta kama hanyar asibiti, ƙarafan biyu suna karo da juna a aljihunta, babu komai a kansu.