Rigar Sanyin Mama a Bahon Musaya

Ni dai har yau ban ga laifina ba. Yaro yana girma kamar ana hura shi, takalmin da kika saya yau jibi ya fara cizon yatsa, to a kan me za ki yi ta zuba kuɗi a kasuwa? Shi ya sa mu matan benenmu muka ƙirƙiro musaya. Duk bayan wata uku sai mu jera bahuna a ƙasan matakala: wannan na jarirai, wannan na masu rarrafe, wancan na masu gudu suna fasa gwiwa. Ki zuba abin da ya yi wa naki kaɗan, ki ɗebi wanda zai shige shi. Maman 'Yan Biyu, shugabarmu da babu wanda ya zaɓa, ita ta kafa doka: abin da ya faɗa baho ya faɗa.

Na mori abin nan, ba ƙarya. Keken koyon tafiya, zanen goyo, takalmin makaranta, duk ko sisi ban kashe ba. Har tafiyata sai da ta canza saboda jin kai.

Ranar wata Alhamis surukata ta bugo waya.

"Lahadi ina tafe ganin jaririn," in ji ta. "Ki sa masa rigar sanyin nan da na saƙa wa yayansa, mai agwagi uku a ƙirji. Ina so in gan shi a ciki."

"To Mama," na ce, da murya kamar zuma.

Ina ajiye wayar na dafe kai. Rigar da baiwar Allah ta yi wata uku tana saƙawa da idon da ba ya gani sosai, shekara biyu ke nan da na jefa ta baho, na ɗauko takalmin ruwa a madadinta. Na faɗa wa maigidan. Maimakon ya taya ni jimami sai ya kwanta a kujera yana dariya har da buga ƙafa.

"Uwarka ce fa!" na ce.

"Shi ya sa nake tausaya miki," in ji shi.

Na ja mayafi na sauka wurin Maman 'Yan Biyu. Ta gyara tsayuwa ta ce doka doka ce, sannan gulma ta ci ƙarfinta.

"Mai agwagin nan? Ai Nas ce ta ɗauka. Mu je, wannan kallo ba zai wuce ni ba."

Muka hau hawa na uku muna haki. Nas ta dawo daga aiki ke nan, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ta ce rigar ta yi wa nata kaɗan tun bara, Tela ce ta tsince ta a baho. Ta mayar da takalmin ta biyo mu. Muka tsallaka titi zuwa shagon ɗinki, mu uku a jere kamar masu neman ɓataccen akuya.

Tela ta tsayar da keke ta cire allura daga baki.

"Kai, riga ce mai albarka! Yarana biyu sun sa ta. Sai dai hannun ya yi tsawo, na ɗan rage shi."

"Kin rage?"

"Kaɗan. Kuma agwagwa ɗaya ta warware, sai na liƙa ƙwallo a wurin."

Na nemi kujera na zauna. Agwagwar Mama ta zama ƙwallo! Su kuwa ukun nan sai dariya suke, Nas har tana yi mini fifita da ƙyalle tana tambaya ko a auna jinina.

"Yanzu tana ina?" na tambaya.

"Wurin matar Direba, sababbin masu haya a ƙasan bene. Amma sun yi tafiya, sai Lahadi."

Nas ta kawo shawarar mu saƙa wata. Muka sayo zare, muka buɗe bidiyo a waya, mata huɗu babu wadda ta taɓa riƙe kwarashi. Zuwa yammacin Asabar mun samar da wani abu mai hannu ɗaya da rami biyu. Maman 'Yan Biyu ta ɗaga shi ta ce ko kyanwa aka sa wa sai ta kai ƙara. Na yi dariya har da hawaye, amma tsoro na nan daram a ƙirjina.

Lahadi da hantsi mota ta sauke Mama. Na durƙusa na gaishe ta, na karɓi jaka, ina shirya ƙaryar cewa rigar tana wurin wanki. Muna shiga ƙofar gida sai ga 'yar Direba ta fito a guje, 'yar shekara biyu, baki duk madara, ƙirjinta agwagi biyu da jar ƙwallo. Ashe da asuba suka dawo.

Mama ta tsaya cak.

"Zo nan, 'yar nan."

Ta sunkuya da ƙyar, ta juya bakin rigar tana bin saƙar da yatsa. Ina jin motsin mutanen nawa a kan matakala, sun leƙo kai bisa kai.

"Mama, ki yi haƙuri," na ce. "Ni na ba da ita musaya. Ta yi masa kaɗan ne, sai na..."

"Yara nawa suka sa ta?"

Na fara ƙirgawa da yatsu. Nas ce ta amsa daga sama: "Da jikanki biyar ke nan, Mama."

Mama ta zura yatsa a ramin da ke gwiwar hannun rigar, yatsan ya ɓullo ta waje. Sai ta fashe da dariya, ta zauna a matakala ta ɗora yarinyar a cinya.

"Wa ya liƙa wannan mummunar ƙwallon?"

"Ni ce, Mama," in ji Tela da ƙaramar murya.

"Allah ya shirye ki."

Tana cikin dariyar na ga tana goge ido da gefen mayafi.

"Shekara arba'in ina saƙa," ta ce. "Duk wanda na ba wa sai ya kulle a akwati. Ranar da zan zo a ciro a sa wa yaro, ina juya baya a cire a ninke. Sun zaci ban sani ba. Ban taɓa ganin aikin hannuna ya tsufa a jikin yaro ba sai yau."

Ni kuwa kunya ta rufe ni, don da na samu rigar jiya, abin da zan yi ke nan.

"In karɓo wa jaririn?" na tambaya a hankali.

"Ki karɓo me? Ba ki ga da mutum a ciki ba?"