Giya Mai Warin Fenti

Merv Dunstan ya buɗe kwalba ta uku, ya kai hanci, ya kawar da kai. Ita ma haka. Giyar ta yi kumfa yadda ake so, launinta kamar zuma, amma warinta sak ruwan da ake wanke buroshin fenti da shi. Ya daure ya kurɓa, ta ƙona shi tun daga maƙogwaro har ƙirji.

Da tasa ce, da da sauƙi. Ta abokinsa Clarrie ce. Tun suna aikin gyaran layin dogo suke dafa giya tare a rumfar kwanon da ke bayan gidan Clarrie, kuma kowa a garin nan ya san yadda rabon aikin yake: Clarrie ke da hannu, Merv kuwa wankin kwalabe da surutu. Yanzu Clarrie na kwance a asibiti, ciwon daji ya gama da shi, likitoci sun bar zancen warkewa. Abu ɗaya ya roƙa. Ba ya son ta kanti, tasu yake so, ko kurɓi ɗaya ne kafin ya tafi. Merv, da bakinsa ke riga hankalinsa, ya bugi ƙirji ya ce an gama.

Ya jefa kwalba biyu a a-kori-kurarsa ya nufi shagon Noelene, inda ake sayar da ƙusa da abincin kaji da kayan dafa giya. Ta sunsuna, ta ja da baya.

"Kai, Merv! Wannan ai sai in goge jan farcena da ita. A ina ka ajiye gangar giyar?"

"Inda muka saba mana. Rumfar Clarrie."

"A cikin zafin bazarar nan? Rumfar da ko kare ba ya kwanciya cikinta da rana?"

"To ai nan muke ajiyewa kullum."

"Da hunturu kuke dafawa, tsoho. In kuma zafi ya kama ku, jiƙaƙƙen tawul Clarrie ke rufa wa gangar, ya kunna mata fanka. Yisti in ya sha zafi haukacewa yake yi, sai ya yi ta zuba wannan warin."

Merv ya sosa ƙeya. Ya san tawul ɗin sarai, wani kore mai yagaggen gefe. Shekara da shekaru yana ganinsa a kan gangar, shi duk a zatonsa shanya Clarrie yake yi saboda ƙyuyar zuwa igiya. Har tsiya ya sha yi masa a kai.

"In na bar ta ta kwana biyu fa?" ya ce.

"Ko shekara ta yi, ba za ta zama abin da yake so ba."

"A tace ta?"

"Ba datti ba ne, Merv. A jikinta yake."

"To in ɗora sabuwa."

"Sai wata mai zuwa za ta nuna, in ma ka ɗora yau."

Ba wanda ya ƙara magana a kan wata mai zuwa. Noelene ta yi ta goge kantar da babu ƙura a kai, can ta ce ya sayi ta kanti ya juye a kwalbarsu. Merv ya girgiza kai. Clarrie fa? Daga bakin ƙofa zai gane.

Merv ya daɗe zaune a mota, gumi na bin bayansa, bai tayar ba. Kunya ta ishe shi, baƙin ciki ya fi kunyar. Daga ƙarshe ya ce a ransa zai kai ta a haka. Clarrie zai kurɓa, ya tofar, ya zage shi tas, ya ce masa jaki. Rabon da ya ji zagin nan har ya manta, kuma ba abin da yake marmari kamarsa.

Da la'asar ya shiga ɗakin asibitin. Clarrie ya ƙara ƙanƙancewa a kan gadon, amma da ya hango kwalbar idonsa ya kawo haske.

"Shege, ashe ka iya! Zuba, zuba."

Nas ɗin da ke gyara masa ƙarin ruwa ta yi kamar ba ta gani ba. Merv ya tsiyaya kaɗan a kofin roba, ya tallafo masa kai. Clarrie ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya haɗiye. Merv ya sunkuyar da kai yana jiran zagi.

Zagi bai zo ba. Da ya ɗago, hawaye ne ke gangara wa Clarrie zuwa kunne.

"Shi ke nan, Merv. Bakina ya mutu."

"Wane baki?"

"Magungunan nan. Shayi ƙarfe nake ji, miya ƙarfe. Na ce ko tamu za ta tsira. Ita ma fenti nake ji, fenti zalla."

"Ba bakinka ba ne! Giyar ce! A rumfa na bar ta cikin zafin nan, ban rufa mata tawul ba. Je ka tambayi Noelene. Ni ne na ɓata ta, Clarrie, bakinka lafiya lau yake!"

Clarrie ya yi ɗan murmushin gajiya. "Kai ma ka shiga layinsu. Likita ya ce na yi kyan gani yau, 'yata ta ce har na yi kumatu. Kai kuma ka zo kana ɓata giyarka don ka rarrashe ni."

"Na rantse maka!" Merv ya juya ya miƙa wa nas ɗin kofin. "Don Allah 'yata, sunsuna. Faɗa masa gaskiya."

Yarinyar kirki ce, kirkin nata ne ma ya ɓata lamarin. Ta sunsuna, hancinta ya ɗan motsa, ta dubi mara lafiyan, ta washe baki.

"Kai, ƙamshi! Lallai kun iya, Baba."

Ta tura kekenta na magunguna ta fita.

"Ka ji ko?" in ji Clarrie, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Bar wahalar da kanka. Zauna nan ka shanye min ita. In ban ji daɗinta ba, in ga wani yana ji."

Merv ya dubi kwalbar. Ya ja kujera ya zauna, ya kafa kwalbar a baki. Tana sauka tana ƙona shi, idonsa ya kawo ruwa, bai sauke ba sai da ya ga gindinta. Clarrie na kallon maƙogwaronsa yana haɗiyar yawu.

"Yaya ka ji ta?"

Merv ya goge baki da bayan hannu.

"Ta yi, mutumina," ya ce. "Irin taka ce sak."