Dálmor Ba Ya Dawowa

A Nuevo Amparo, idan namiji ya shiga jirgin ruwa zuwa Iquitos ya bar mata da 'ya'ya aka ji shi shiru, ba a cewa ya gudu. Cewa ake ya yi Dálmor. Ko yaro aka aika sayen gishiri ya daɗe, sai ka ji uwar ta leƙo tana tambaya ko Dálmor ya yi mata.

Asalin maganar wani tsohon shirin talabijin ne, Makiyayan Taurari, labarin wani jirgi da ya ɓace a sararin samaniya da mutanensa. A wancan zamani kaset ɗin shirin a jirgin ruwa yake zuwa duk mako, mai kula da 'yar tashar talabijin ta garin ya sa, a taru a kalla. Matuƙin jirgin da ke cikin shirin shi ne Dálmor, dogo marar yawan magana, wanda matan garin suka mace a kansa. Herminia Tapullima tana da tsohon ciki a lokacin, da ta sauka ba ta yi shawara da kowa ba ta raɗa wa yaron sunansa.

Ko zama yaron bai fara ba aka nuna kashin da ya ɓata komai. Ruwan sha ya ƙare a jirgin, Dálmor ya ɗauki ƙaramin kumbo ɗaya tilo da ya rage, ya ce wa abokansa su bar masa fitila a kunne, ya tafi. Aka nuno fitilar tana ci a taga, aka nuno fuskoki suna jira. Mako na gaba kaset bai zo ba, mai tasha ya ce ai labari ya ƙare ke nan, ya dawo da shirin daga farko. Haka aka yi ta juyawa shekara da shekaru, kuma kowane zagaye sai Dálmor ya tafi ya bar su da ƙishirwa.

Gari ya yanke hukunci, ɗan Herminia ya sha ukubar. A makaranta ko fitsari ya fita sai yara su haɗa baki su ce a bar masa fitila. Tun yana ɗan ƙarami ya rantse a ransa ƙafarsa ba za ta bar garin nan ba, ya kuwa cika. Abin dariyar, gyaran injin kwale-kwale ya zama sana'arsa. Shi ke sa kowa ya tafi. In ya gama gyara sai ya gwada injin zuwa wani babban rimi da ke kwanar kogi, ya juyo. Bai taɓa ganin abin da ke bayan rimin ba.

A nan ya binne uwarsa, a nan ya binne matarsa. 'Yarsa ɗaya, Nélida, ta tafi Iquitos karatun jinya, ta yi aure a can, yanzu kuma ta haifi bakwaini, likita ya hana a hau ruwa da shi. Kullum sai ta kira, kullum sai Dálmor ya ce injina sun yi masa yawa.

"Papito," ta ce masa ranar nan, yadda ta saba kiran uban nata, muryarta a gajiye, "ba cewa na yi ka tare ba. Ka zo ka ɗauke shi a hannunka, shi ke nan."

Ya ce zai gani. Yana son ganin jaririn nan kamar ya yi kuka, amma da ya tuna tashar jirgi da bakin mutane, sai ya fasa.

Samari masu waya sun sha cewa wai akwai wani kashi da ba a gani ba. Manya suka ce ƙaryar waya ce. Dálmor kuwa duk wanda ya nufo shi da zancen, da sifana yake korarsa. In gaskiya ne, to duk zaman nan da ya yi fa?

Sai ga labari an sake yin Makiyayan Taurari, sabon fim da sababbin 'yan wasa. Malamar makaranta, Señorita Liduvina, ta samo shi, ta aro majigi, aka rufe tagogin zauren coci da barguna wata Lahadi da la'asar. Doña Clotilde mai sayar da tacacho, wato dakakkiyar ayaba, ƙawar Herminia tun ƙuruciya, ta kama kujerar gaba, ta ce ta zo ta ga ko sun yi wa maci amana adalci. Dálmor ya raɓe a bayan ƙofa, wai wayar lasifika yake dubawa.

Ruwa ya sauko a kan kwano daidai lokacin da taurari suka bazu a jikin farin zanen. Ƙarar ruwan ta haɗu da gurnanin jirgin har ba a rarrabewa. Zanen yana ɗan motsi da iska, taurarin suna lilo, wani malam-buɗe-littafi ya shiga cikin hasken ya yi ta yawo a tsakaninsu. Dálmor ya ji kamar zauren ya tsinke daga ƙasa, yana tafiya da su a hankali, da kujeru da tsofaffi da ƙamshin soyayyar ayaba.

Da fitila fim ɗin ya buɗe, ita dai, a tagarta. Can nesa wani ɗigo ya bayyana. Kunnen makaniki ya riga ido: inji ne yake tari, yana mutuwa yana tashi. Ɗigon ya zama ƙaramin kumbo, duk ya lotse, yana janye da dutsen ƙanƙara da ya ninka shi girma. Ƙofa ta buɗe, dogon mutum ya fito da kyar, ya dubi fitilar ya ce, "Na gan ta tun daga nesa."

Zaure ya kaure. Doña Clotilde ta miƙe, inuwarta ta rufe rabin sama.

"Wannan ba Dálmor ba ne. Sun sa sabulu sun wanke shi don su sayar. Ku tambayi kowa, Dálmor ba ya dawowa."

Señorita Liduvina ta tsayar da fim ta yi bayani a hankali. Ta ce masu sabon ba su canza masa hali ba, daga inda tsohon ya ƙare suka ɗora. Kashin ƙarshe ne bai taɓa isowa garin ba, duk duniya ta san ya dawo da ruwa. Tsofaffi suka ce su da suka gani da idonsu sau ba adadi za a faɗa wa?

"A garin wasu ya dawo," in ji Doña Clotilde, ta zauna ta harɗe hannu. "A nan bai dawo ba."

Dálmor bai ga sauran fim ɗin ba. Uwarsa ya tuna, wadda har a gadon mutuwa tana neman ya yafe mata sunan. Ya ji haushi, amma ya rasa wa zai ɗora wa. Sai ya kama tunanin kaset ɗin. Wataƙila yana can ƙarƙashin kogi inda ya suɓuce wa wani ɗan dako, laka ta rufe shi, kifaye suna gilmawa, a cikinsa kuma mutumin yana ta dawowa da ruwa, ba mai kallo. Ya fita cikin yayyafi ya kira Nélida.

Ran Laraba da hantsi jirgin Iquitos ya tsaya. Dálmor ya sauko tasha da jaka da ragar kwana a naɗe, gari ya zuba masa ido. Wani ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Doña Clotilde tana kan teburinta tana murza ayaba, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To, ɗan Herminia," ta ce, "wanne ne kai? Namu ko nasu?"

Ya ajiye mabuɗin shagonsa kusa da turminta. Ya buɗe baki zai faɗi maganar nan ta barin fitila, sai ya ji ta yi masa nauyi, tun yana yaro ake jifansa da ita. Ya ce ta riƙa ba karensa abinci kawai, ya hau.

Jirgi ya ja. Gidajen kwano suka fara ƙanƙancewa, rimin yana matsowa. Dab da kwana ya waiwaya. A ƙofar shagonsa, da rana tsaka, tsohuwar da ya bar wa mabuɗi ta tako kan akwati tana rataye fitilar ƙwai a ƙusa, kuma a kunne take.