Memorin Baba

Auta ba ta iya ganin abu a hargitse ta zauna lafiya. A kemis ɗin da take aiki, ko kwalin magani ne ya karkace sai ta daidaita shi kafin ta saurari mai saye. To, wannan hannun nata mai ƙaiƙayi shi ne ya faɗa kan memorin Baba.

Tun da idon Baba ya tafi, ya rufe teburinsa na gyaran agogo, abokiyar hirarsa ita ce wata 'yar rediyo mai cin memori. Cikinta littattafan sauraro ne da 'ya'ya da jikoki suka yi ta tura masa shekara da shekaru, kowa ya zuba ya kama gabansa. Babin tarihi na kwance kusa da na kiwon kaji, wani labarin ya shigo har sau uku. Duk da haka, mutumin da sai an riƙe hannunsa zuwa banɗaki, an nemo masa takalmi, bai taɓa cewa kowa ya kunna masa littafi ba. Shi kaɗai ne abin da ya rage yana yi da kansa, kuma yana ji da shi.

Ranar hutunta, yana barcin rana, ta zare memorin ta sa a kwamfuta. Ta ware kowane littafi daban, ta jera babi bayan babi, ta goge duk wanda ya maimaitu. Tana gamawa ta mayar, ta tsaya bakin ƙofa tana jiran yabo.

Baba ya farka ya laluba rediyon. Ya danna, ya kasa kunne. Ya sake dannawa. Babban yatsansa ya fara sauri, muryoyi na tsinkewa tun ba su gama kalma ba.

"Wa ya taɓa min rediyo?"

"Ni ce, Baba. Gyara maka na yi, yanzu kowane littafi yana wurinsa."

"Da a ina yake?"

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba.

"Auta, in na ji matar nan mai murya kamar tana mura, na san tarihi na gabanta. In labarin jirgin ruwa ya sake dawowa, na san na kai tsakiya. Ina kika kai su?"

Ashe abin da ta share a matsayin shara, shi ne alamomin hanyarsa.

Satin nan Auta ba ta ga ta zama ba. Ta koya masa riƙe maɓalli don tsallake littafi, ya riƙe ya wuce, ya dawo ya sake wucewa, har ya yi tsaki. Ta buga wa Yaya waya ko ya tuna me ya fara turawa, ya yi mata dariya ya ce ko abin da ya ci jiya bai tuna ba. Ta kai memorin wurin mai gyaran waya, ya dawo mata da wasu daga cikin waɗanda ta goge, amma ya ce jerin da kam sai haƙuri. Ta zauna ta hargitsa su da hannunta, ta kawo da ɗokinta. Baba ya danna kaɗan ya ce wannan hargitsin ba nasa ba ne.

Haushin kanta ya ishe ta. A wurin aiki ta ɗauki abu ta ajiye, ta duba waya, ta leƙa titi, ba ta san me take nema ba.

Ran Juma'a ta dawo da yamma ta tarar ɗakin shiru. Baba na zaune bakin gado, rediyon a cinyarsa, hannayensa a kai. Ya gane takunta, ya miƙo rediyon wajen ƙofa, hannunsa ya ɗan kauce daga inda take tsaye.

"Auta, in kin huta, taimaka ki kunna min."

"Wanne, Baba?"

"Duk wanda ya yi miki sauƙi."