Garin Ciwon Kai na Oom Fanie

Tannie Elsabé, wato Inna Elsabé, na cikin bubbuga wa Wikus baya don majina ta fito, sai ya juyo ta ga idonsa ya yi rawaya kamar gwaiduwar ƙwai.

"Kai, me ka sha?"

"Ba komai, Tannie. Farasitamol ɗina ne, sai ɗan garin ciwon kai na Oom Fanie."

Da ciwon sistik faibrosis aka haifi Wikus, ɗan maƙwabciyarta, ciwon da ke cika huhu da majina mai kauri. Ciwon ya riga ya taɓa masa hanta, ga shi kamar sillen kara. Amma likitocin birnin Bloemfontein sun ce in ya lallaɓa jikinsa za a yi masa dashen huhu bana, har ya iya gudu. Da tari ya tsaga masa haƙarƙari sai ya ɓoye, ya dinga shan maganin ciwo, kada a ce bai da ƙarfin da za a yi masa aikin.

Ta leƙa kwandon shara. Takardun garin ciwon kai ne fal, irin wanda mazan unguwar ke zazzagawa a harshe su kora da lemon kwalba. Ta katanga ta ƙwala wa maƙwabcinsu Oom Fanie, wato Kawu Fanie, kira, yana gasa nama.

"Fanie, kai ka ɗura wa yaron nan wannan?"

"Haba, Elsabé, gari ne fa, ba magani ba! Shekara arba'in ina sha, kalle ni."

"Na kalle ka. Abin da ke cikin ƙwayarsa shi ne a garin naka, sakarai!"

Ko juyowa bai yi ba, naman ya juya. Ji ta yi kamar ta tofa masa yawu.

A asibiti aka ce hantar ta riga ta tafi, yawan farasitamol ya ƙarasa ta. Wikus ya daina gane mahaifiyarsa ranar Laraba, ranar Juma'a ya cika.

Bayan binnewa gidan su Wikus ya cika da masu shan shayi da cin kek. Oom Fanie, bakinsa cike, yana cewa, "Ai dama irinsu ba sa daɗewa. Ya huta." Aka yi ta gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan ya fi komai ƙona mata rai.

Ta ajiye kofinta ta shige ɗakin Wikus. A ƙarƙashin gado ta tarar da kwalin takalmin gudu, sabo dal, ko igiya ba a zura masa ba.